Matar da Ta Mutu Sau Dubu

Shekara talatin da ɗaya ina ɗaure mata igiyar riga
a bayan labule, inda fitila ba ta kaiwa.
Vernetta Oakes, 'yar mai gyaran layin dogo a Toledo,
wadda ta koyi riƙe numfashi a cocin unguwarsu,
uwarta na mintsinin ta
duk sanda muryarta ta tsere wa ta sauran yara.

Jama'a sun san fuskarta. Ni bayanta na sani:
ƙashin kafaɗa, gumin da ke bin tsakiyar gadon baya,
da yadda haƙarƙari ke buɗewa kamar zugazugin maƙeri
kafin ta saki muryar nan
mai haye kan makaɗa saba'in ba lasifika,
ta je ta dafa talakan da ya sayi kujerar ƙurya, can kusa da rufi.

A Chicago guba ta sha.
A Milan wuƙa ce, a Vienna tari ya ɗauke ta
a kan gadon katako mai ƙafa guda gajera.
Ƙarfe goma da rabi na dare takan mutu,
labule ya sauka, ta miƙe, ta kaɗe gwiwa,
ta ce, "Corinne, takalmin nan ya ci mini ƙafa.
Shayi da zuma, kar a sa lemo."
Ni ke wanke jinin ƙarya daga farin leshi
da gishiri da ruwan sanyi.

Ranar wasa ba ta magana tun asuba,
sai rubutu a 'yar takarda.
Mijinta ya tara takardun shekara tara,
ya ɗaure su da zare, ya bar mata kan tebur,
ya hau jirgin ƙasa. Ba faɗa, ba zagi.
Daren nan ma ta rera, har da ƙari.

Akwai abin da na yi mata a Vienna.
Waya ta zo daga gida ana shirin kashi na biyu:
uwarta ta cika.
Na ninke takardar na tura a aljihu,
na gyara mata gashi, na ce komai lafiya.
Bayan tafi ya lafa na miƙa mata.
Ta karanta, ta ce, "Tun ɗazu na sani.
Hannunki bai taɓa rawa a kan maɓalli ba sai yau."
Ba mu sake tayar da zancen ba.

Tana da hamsin da huɗu, a San Francisco,
ta miƙa wuya ga sautin da ta saba tsinka kamar 'ya'yan itace,
reshen ya yi mata nisa.
Muryar ta tsage. Mutum dubu uku suka haɗiye yawu.
Ta ƙarasa wasan, ta mutu yadda aka rubuta,
ta fito ta ce, "Kwance min rigar nan a hankali,
wata za ta sa."

Ta koma Toledo, ɗakin ƙasa na cocin nan,
da tsohuwar fiyano da yara takwas masu majina.
Ba ta mintsinin kowa.
In yarinya ta tsere wa sauran sai ta ce, "Ci gaba, ina jin ki."

Ta gasken ta zo a watan Fabrairu, ƙanƙara ta toshe titi.
Ba makaɗa, ba fure, ba wanda ya tashi tsaye,
sai ni da agogon bango.
Ta ja numfashi mai tsawo, irin na shiga waƙa,
ba ta sake shi da sauti ba.

Na daɗe a zaune, butar shayi a kan wuta,
ina jira ta miƙe ta yi ƙorafin takalmi.